Furotin ɗan dakon maitokondiriya: wanne za ka saya, wanne za ka noma da hannunka a Kaduna

A tsakiyar Afrilu, lokacin da fanka ma iskar zafi take kaɗawa, wata ɗalibar digiri na biyu ta same ni a ɗakin gwaji da wayarta a hannu. Ta ce, "Malam, na samu SLC25A4 na mutum, amma kala huɗu ne. Ɗaya daga E. coli, ɗaya daga yis, ɗaya daga ƙwayoyin kwaro, ɗaya kuma an ce da ruwan ƙwayar alkama aka yi shi. Wanne zan rubuta a takardar sayayya?" Farashin duk da dala ne, kuma kowace kwalba ba ta wuce 'yan maikurogiram ba. SLC25A4 furotin ne mai dakon kaya a cikin maitokondiriya, kuma huɗun sun bambanta ne ta wurin abin da aka noma shi a ciki. Na tambaye ta abin da take so furotin ɗin ya yi mata. Ta ce tana so ta ga ko ruwan wasu itatuwan magani zai hana shi aiki. Na ce mata ta ajiye takardar tukuna, domin akwai yiwuwar duk huɗun ba za su yi mata wannan aikin ba, kuma kuɗin binciken nan sau ɗaya ake ba da shi.

Abin da na faɗa mata ranar shi zan faɗa a nan, da ɗan faɗaɗawa, don masu irin wannan shawara a Kaduna da Zariya.

Maitokondiriya, wato sashen ƙwayar halitta da ke samar mata da ƙarfi, tana da tantani biyu. Na waje yana da ƙofofi masu faɗi, na ciki kuwa a rufe yake ruf, kusan ba abin da ke ratsa shi sai ta hannun ɗan dako, wato furotin mai tsallakar da kaya. Mafi yawan 'yan dakon nan dangi ɗaya ne, SLC25, kuma a jikin mutum su 53 ne. Galibi ɗan dako amino asid kusan 300 ne, wato tubalan da ake gina furotin da su, nauyinsa tsakanin kilodalton 30 zuwa 35 a ma'aunin nauyin furotin, yana ratsa tantanin sau shida. Wanda ya fi suna shi ne mai musayar ADP da ATP, wanda ake kira ANT ko AAC: yana shigar da ADP, ya fitar da ATP, sinadarin da ke ɗauke da ƙarfin da aka yi daga ADP ɗin, kuma a kullum abin da ke bi ta hannunsa ya kai kusan nauyin jikin mutum. SLC25A4 da ɗalibar ke nema, wanda ake kira ANT1, ɗaya ne daga nau'o'insa. Akwai mai ɗaukar fosfet, SLC25A3, da mai ɗaukar sitret, SLC25A1, da na kanitin, SLC25A20, da UCP1 da ke cikin kitse mai ruwan ƙasa yana mayar da ƙarfi zafi. Mai ɗaukar fairubet ba ɗan wannan gida ba ne, sai a 2012 aka gano shi, kuma furotin biyu ne, MPC1 da MPC2, da ke aiki a haɗe. Wanda ya sayi MPC1 shi kaɗai yana jiran ya ga dakon fairubet ya sayi rabin kaya.

Duk matsalar tana wuri guda. Waɗannan furotin a cikin kitse suke rayuwa. Da zarar ka ciro su daga tantani, ɓangarorinsu masu gudun ruwa sai su manne da juna su dunƙule. Ba su da ƙwari kuma, domin aikinsu shi ne buɗewa ta wannan gefe su rufe ta wancan, don haka jikinsu sakwa-sakwa ne. Suna kuma buƙatar wani kitse na musamman, kadiyolifin, wanda guda uku ke manne da kowane AAC. Saboda haka tambayar farko kafin a duba farashi ita ce: kana buƙatar furotin mai rai, wanda ya naɗu daidai yana dako, ko kana buƙatar gawarsa ce kawai don antibodi, wato furotin garkuwar jiki mai gane abu ya kama shi, ya gane fuskarta? Aiki biyu ne daban, kuma kasuwa ta cika da na biyun.

Na bakteriyar E. coli shi ne mafi araha kuma mafi yawa a kasidun masu sayarwa. Bakteriyar ba ta da maitokondiriya, don haka idan aka tilasta mata yin ɗan dako da yawa, ba ta da inda za ta ajiye shi, sai ya taru a cikinta gudaji-gudaji kamar kunun da ba a dama da kyau ba. Wannan ba aibi ba ne ga mai neman yawa, domin gudajin suna da sauƙin warewa kuma kusan furotin ɗin zalla ne. A 1993 ɗakin gwajin Ferdinando Palmieri a Bari ta Italiya, tare da John Walker na Kambirij ta Ingila, suka nuna cewa za a iya narkar da gudajin ɗan dakon okzoglutaret na saniya da sinadarin sabulu mai suna sarkosil, a mayar da shi cikin 'yan ƙwallayen kitse da ake kira laifosom, ya kama aiki. Ta wannan hanya aka gano aikin 'yan dako masu yawa na yis da na tsirrai da na mutum. Daga gwagwarmaya da irin waɗannan furotin ne kuma aka samo nau'o'in bakteriya C41 da C43 a 1996, waɗanda har yau ake amfani da su. To hanyar tana aiki, amma a lura da inda take aiki: a hannun mutanen da suka narkar da gudajin da safe suka saka shi a laifosom kafin azahar. Kuma ko a nan, kaso kaɗan ne na furotin ɗin ke naɗuwa daidai. Abin da ke cikin kwalbar da za a aiko maka ya riga ya bi ta narkarwa da tacewa da daskarewa ko busarwa, sannan ya yi tafiyar makonni. Idan takardarsa ta ce tsabtarsa ta wuce kashi 85 ko 90 cikin ɗari a jel, gaskiya ta faɗa, amma jel ɗin SDS, wanda ake jera furotin a kansa bisa nauyi, warware furotin yake yi kafin ya auna shi, ba zai taɓa gaya maka ko ya naɗu ba.

Sau da yawa ma ba cikakken furotin ba ne. Ka duba layin da aka rubuta lambobin amino asid. ANT1 na mutum 298 ne. Idan ka ga an rubuta wani yanki na hamsin ko ɗari, to guntu ne, galibi madaukin da ke leƙowa waje daga tantani, an liƙa masa jelar histidin shida ko jelar GST, wadda da ita ake kamo shi wajen tacewa. Don yin allurar zomo a samo antibodi, ko don a zuba a layi ɗaya na westan bulot a tabbatar antibodin yana kamawa, ko don ma'aunin ELISA (bulot da ELISA duk gwaje-gwaje ne da antibodi ke nuna furotin a cikinsu), guntun nan ya wadatar, har ma ya fi cikakken sauƙin sarrafawa tunda yana narkewa a ruwa. A wannan aiki ban ga dalilin biyan kuɗin na ƙwayoyin kwaro ba. Sai dai abu biyu. Jelar GST kilodalton 26 ce, don haka layin zai fito sama da inda kake tsammani, kada ka ɗauka an aiko maka da wani abu daban. Sannan ANT1 da ANT2 da ANT3 sun yi kama da juna kusan kashi 90 cikin ɗari, don haka idan kana so ka bambance ANT1 na tsokar zuciya da ANT2 da ke yawaita a ƙwayoyin ciwon daji, dole ka duba ko guntun da aka zaɓa daga wurin da suka sha bamban aka yanko shi.

Akwai guntayen da su kansu masu rai ne. Sitirin, SLC25A13, da ɗan'uwansa aralar, SLC25A12, sun ninka sauran tsawo, suna da wani babban kai mai kama kalsiyam da ke zaune a ruwa. Wannan kan ana iya yinsa a bakteriya ya naɗu lafiya. Haka VDAC na tantanin waje, wanda siffarsa ta ganga ce ba ta sauran ba, yana jure narkarwa da sake naɗi, kuma da na E. coli aka fitar da siffarsa a 2008. Idan aikinka kan waɗannan ne, tsoron da nake ba ka ya ragu sosai.

Na ruwan ƙwayar alkama ba zan daɗe a kansa ba. Ba a cikin ƙwayar halitta mai rai ake yinsa ba, ana zuba saƙon gado ne a cikin ruwan da aka tatso, injin haɗa furotin ya yi aikinsa. Yakan ba da cikakken furotin, amma kaɗan, kuma idan ba a zuba kitse a lokacin haɗawar ba, matsayinsa ɗaya da guntun E. coli: na bulot ne da ELISA. Wasu kamfanoni suna sayar da wanda aka haɗa kai tsaye cikin laifosom. Wannan ya fi kusa da abin da ake so, amma ka nemi shaidar dako kafin ka yarda, kuma ka sani ba a busar da shi, a daskare zai taso.

Na ƙwayoyin kwaro, wato Sf9 da ake harbawa da ƙwayar cutar bakulo, da na ƙwayoyin mutum irin HEK293, su ne masu tsada. Suna da maitokondiriya, don haka ɗan dakon yana iya shiga gidansa ya naɗu. Amma babban abin da ake biya wa kuɗi a waɗannan hanyoyi shi ne liƙa sukari a jikin furotin yadda jikin dabba ke yi, kuma 'yan dakon tantanin ciki ba sa ɗauke da wannan sukarin. Kana biyan kuɗin abin da kayanka ba ya buƙata. Idan kuma ka ce za ka noma su da kanka, HEK293 na son digiri 37 da iskar kabon kashi 5 cikin ɗari dare da rana, Sf9 na son digiri 27, wanda a Kaduna daga Maris zuwa Mayu yana nufin inkubeta mai sanyaya, ba mai ɗumama ba. Wuta ta ɗauke na awa shida, aikin mako uku ya tafi. Ƙurar hunturu kuma ba ta raga wa kwalbar da ba ta da maganin ƙwayoyin cuta.

Yis ne nake so in tsaya a kansa, domin a ganina shi ne amsar mafi yawanmu. Saccharomyces cerevisiae, wato yis ɗin burodi, yana da maitokondiriya ta gaske, da kadiyolifin, da injin TIM22 da ke shigar da 'yan dako cikin tantani. Shi kansa yana da 'yan dako 35 na wannan dangi. Furotin da ya yi ba ya bi ta gudaji, a naɗe ake ciro shi. Siffar farko ta AAC da aka gani a 2003 daga zuciyar saniya aka ciro furotin ɗin, yana riƙe da gubar kaboksi-atiraktilosaid. Siffa ta biyu, wadda ta nuna shi a buɗe ta ciki yana riƙe da wata gubar mai suna asid ɗin bonkirekik, sai a 2019 ɗakin gwajin Edmund Kunji a Kambirij ya fitar da ita, kuma a yis aka noma furotin ɗin. Shekara goma sha shida tsakanin hoto biyu na furotin guda ya isa ya nuna wuyar sha'aninsa. Yis yana girma a digiri 30, abincinsa mai araha ne, yana jure ɗaukewar wuta ta 'yan sa'o'i, kuma idan ka shuka shi a faranti ka saka a firij zai jira ka makonni.

Amma na yis da ka saya a kwalba da na yis da ka noma ba ɗaya ba ne. Kalmar yis a kan takarda ba ta gaya maka ko daga maitokondiriya aka ciro shi ba, ba ta gaya maka sabulun da aka yi amfani da shi ba. Sabulun nan shi ne rai ko mutuwar ɗan dako. Masu laushi irin dijitonin da DDM da LMNG, musamman idan an haɗa da kadiyolifin, suna riƙe shi a naɗe. Wani mai suna DPC an yi shekaru ana amfani da shi wajen nazarin siffa, har aka fitar da siffar UCP2, ɗan'uwan UCP1, a cikinsa a 2011, daga baya bincike ya nuna yana warware 'yan dakon nan. Idan manyan ɗakunan gwaji na duniya sun yi tuntuɓe a kan sabulu, kai da ke karɓar kwalbar da ba a rubuta sunan sabulun a jikinta ba, ba ka da abin dogaro. Ka rubuta wa mai sayarwa ka tambaye shi wane sabulu ne, akwai kitse ko babu, kuma da me ya gwada cewa yana aiki. In amsarsa jel ce kawai, ka san abin da kake saya.

Sai maganar hanya, wadda kasidar kamfani ba ta san da ita ba. Na taɓa jiran wani kwali da aka taso da shi a cikin busasshiyar ƙanƙara. Ya sauka a Legas, ya kwana tara ana maganar takardu, sannan ya hau mota zuwa Kaduna. Da na yanke salatif ɗin na ɗaga murfin, ba hayaƙin sanyi ko kaɗan. Na sa tafin hannu a cikin kwalin na ji ɗumi irin na ɗaki, 'yar kwalbar tana kwance a ƙasa ita kaɗai, ruwan cikinta ya yi hazo-hazo. Busasshiyar ƙanƙara tana kan digiri 78 ƙasa da sifili, amma ba narkewa take yi ba, iska take zama, kuma kwalin da aka cika don tafiyar kwana uku ko huɗu ba zai kai kwana goma sha biyu ba. Tun daga ranar, duk abin da zan saya don bulot ko ELISA busasshe nake nema, wanda aka mayar gari. Shi yana jure hanya, kuma tunda ba rai nake nema a jikinsa ba, busarwar ba ta cuce ni da komai ba. Idan ya iso, a juya kwalbar a na'ura kafin a buɗe don garin ya sauka, a narkar, a raba ƙanana-ƙanana, a ajiye a firiza mai sanyin 80 ƙasa da sifili wadda ke kan layin janareta ko sola. Kuma kada a tafasa cikakken ɗan dako kafin a zuba a jel kamar yadda aka saba da sauran furotin. Tafasawa dunƙule shi take yi ya maƙale a bakin ramin jel ɗin da aka zuba shi. Digiri 37 na 'yan mintoci ya isa.

Abin da ke jure hanya da gaske shi ne filasmid, wato ɗan zoben DNA mai ɗauke da saƙon gadon furotin ɗin, wanda ake saka wa yis ko bakteriya su noma shi. DNA ba ta damu da zafin kwali ba. Addgene, ma'ajiyar filasmid wadda ba don riba take aiki ba, tana aiko da filasmid a cikin bakteriya mai rai ba tare da ƙanƙara ba, bayan cibiyarka ta sa hannu a yarjejeniyar karɓar kaya. Malamai da yawa a waje kuma idan ka rubuta musu da ladabi za su ɗiga maka a takardar tacewa su saka a ambulan. Ka sayi iri sau ɗaya, ka yi ta noma. Sai dai a tuna cewa aikin sauya ƙwayar gado yana ƙarƙashin hukumar NBMA mai sa ido kan irin wannan aiki a Najeriya, wadda dokar 2015 ta kafa, don haka a fara da kwamitin kula da lafiyar gwaji na makaranta.

Wanda ya noma kuma zai iya gwada ran furotin ɗinsa da kayan da muke da su. Akwai rini mai suna CPM da ke haskawa idan ya taɓa sistin, wani amino asid da ke ɓoye a cikin furotin har sai ya warware. Kana ɗumama samfurin a hankali a na'urar PCR mai auna haske, irin waɗanda suka ƙaru a ɗakunan gwajinmu bayan annobar 2020, matuƙar tana da tagar hasken da ta dace. Furotin mai rai zai nuna wani digiri da ya warware a kai, kuma idan ka zuba wa AAC kaboksi-atiraktilosaid, digirin zai yi tsalle sama sosai. Gawa ba ta nuna komai. 'Yan maikurogiram kaɗan gwajin ke ci. Auna dako a laifosom kuwa an fi yinsa da sinadari mai tururin nukiliya irin kabon 14, wanda ke buƙatar lasisin hukumar NNRA mai kula da harkar nukiliya da na'urar ƙirga tururi. Wanda ba shi da wannan, kada ya gina digirinsa a kai. Wata hanyar kuma ita ce Lactococcus lactis, bakteriyar da ke tsamar da madara, wadda ke saka ɗan dakon a tantaninta a naɗe, ana sa ta fara yin furotin ɗin da sinadarin nisin a digiri 30 ba tare da girgizawa ba. Hanya ce mai kyau, amma ita ma a ƙarshe ga tururin nukiliya take kai ka.

Mu a nan muna da dalilin damuwa da waɗannan furotin fiye da cika sharaɗin digiri. Cibiyar binciken sammore da ciwon barci, NITR, a Kaduna take, kuma a Jami'ar Ahmadu Bello marigayi Farfesa Andrew Nok ya bar zuriyar ɗalibai masu aiki kan ƙwayar cutar da ƙudan tsando ke yaɗawa. Trypanosoma brucei maitokondiriya ɗaya tak gare ta, tana da nata 'yan dakon sama da ashirin. 'Yar'uwarta T. evansi, mai kama raƙuma, ta rasa DNA ɗin maitokondiriyarta gaba ɗaya ko wani sashe, kuma tana dogara da musayar ADP da ATP wajen riƙe cajin tantaninta. Da wuya ka samu waɗannan a kasidar kamfani, su hankalinsu na kan mutum da ɓera. A 2012 an nuna cewa mai musayar ADP da ATP na T. brucei, idan aka saka shi a yis ɗin da aka cire wa nasa, yana dawo masa da girma. Mai aiki a kan sammore zaɓinsa ya riga ya zaɓu, noma zai yi.

Wannan dabarar ce na nuna wa ɗalibar tawa. Yis ɗin da ba shi da AAC yana girma a kan gulukos, domin yana iya rayuwa da tsami, amma a kan gilisarol ba ya tsira, tunda gilisarol sai da maitokondiriya mai aiki. Ka saka masa filasmid mai ɗauke da na mutum, in ya tsiro a farantin gilisarol, ɗan dakon yana da rai kuma yana gidansa. Wasu na dabbobi ba sa zama da daɗi a yis sai an ɗan gyara farkonsu, don haka a nemi filasmid da aka riga aka gwada. Ta ce, "To Malam, in na zuba ruwan ganyen ya daina girma, shi ke nan na samu?" Na ce a'a, domin duk abin da ya taɓa numfashin maitokondiriya zai hana girma a gilisarol, ba lallai ɗan dakon ya taɓa ba. Faranti tankaɗe ne na farko. Idan ruwan ganye ya hana girma a farantin, sai a ciro maitokondiriyar yis ɗin, abin da na'urar juyi mai sanyi ta talakawa ke iya yi, a zuba ADP a waje, a bi fitowar ATP da wasu furotin biyu, hekzokainez da ɗan'uwansa, waɗanda ke samar da NADPH, sinadarin da na'urar auna haske ke karantawa a nanomita 340, tare da sinadarin Ap5A don toshe adenilet kainez, wani furotin da shi ma ke yin ATP daga ADP, wanda zai iya ruɗa lissafi. A gefe a ajiye kwalba ɗaya mai kaboksi-atiraktilosaid don a ga yadda toshewar gaske take. Gubar nan ma daga tsiro take, kuma tana kisa, don haka da safar hannu ake taɓa ta.

A takardar sayayyarta ta ƙarshe akwai kwalba ɗaya ta busasshen guntun E. coli, mafi ƙanƙanta, don layin shaida a bulot. Sauran kuɗin ya tafi ga filasmid, da sinadarin narkar da bangon yis, da gubar, da batirin inbata na inkubeta. Yis ɗin da aka cire wa AAC kuwa wasiƙa ta rubuta ta roƙa, ya iso a ambulan bayan mako biyar, ta shuka shi a faranti biyu, na gulukos ya cika a kwana na uku, na gilisarol ya zauna fes ba ɗigo ko ɗaya, kamar yadda ake so kafin a saka masa filasmid.